Sunan Yayata a Kan Laifin Wani

Shafi na 23

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, to ga shi. Wadda ta cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", Allah ya shirye ki, ni ma fa ina da aikin yi.

*

Ko sallama ban yi ba na banka ƙofar ofishinmu. Abokin aikina Dogo na zaune ya ɗora ƙafafu a kan tebur, kofin shayi a hannu, abin jin kiɗa a kunne, yana ta kaɗa kai abinsa.

Na fizge abin kunnen.

"Ke Auta! Kin kusa cire min kunne!"

"Da na cire ma ba ka yi asara ba, tunda ba ji kake da shi ba. Buɗe min kod ɗin manhajar makaranta."

"Wace makarantar? Ai suna da yawa."

"Kar ka raina min hankali. Wadda za ta kori yayata yau."

Sai a lokacin ya sauke ƙafafunsa.

Yayata malamar lissafi ce, kuma kamfaninmu ne ya gina wa makarantarsu manhajar shigar da maki. Wata ɗaliba ta faɗi lissafi warwas, Yaya da hannunta ta shigar da faɗuwar. Da sakamako ya fito sai ga yarinya a cikin na gaba-gaba. Aka duba wanda ya gyara makin, manhaja ta ce Yaya ce. Ta rantse, ta maya, ta yi kuka har muryarta ta dishe, aka ce mata na'ura ba ta ƙarya. Kwamiti zai zauna a kanta da rana, kuma kowa ya san takardar kora ce za ta biyo baya.

Na ja kujera na zauna a gabansa, na jawo kwamfutar, na nemo wani wuri a cikin kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi.

"Mene ne wannan?"

Ya leƙo. "Au, wannan? Dabara ce."

"Dabara."

"Eh mana. Kin san model ba ya ganin rikwes."

"Yi min bayani kamar ni ce Shugabar makarantar, don ita zan je in yi wa."

Ya gyara zama, har da gyaran murya, wai shi malami.

"To. Duk wanda ya danna wani abu a shafin, buƙatarsa tana zuwa ne da sunansa a jiki. Ita muke ce wa rikwes. Ɓangaren da yake tarbarta a bakin ƙofa shi ne fiyu, shi ya san ko waye ya zo. Ɓangaren da yake adana maki can ciki shi ne model, shi kuma bai san kowa ba, abin da aka miƙa masa kawai yake ajiyewa."

"Madalla. To idan ana so model ya rubuta sunan wanda ya gyara maki, me ake yi?"

"Sai fiyu ya miƙa masa sunan."

"Kai kuma me ka yi?"

Ya sosa ƙeya.

"Wuraren da ake adanawa fa sun yi yawa, Auta. In bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙa suna? Haba. Sai na yi wuri ɗaya. Duk buƙatar da ta shigo a ajiye ta a nan, model ya leƙa ya ɗauki suna. Layi uku kawai, aiki ya ƙare."

"Wuri ɗaya. Na kowa da kowa."

"Na kowa da kowa."

Wallahi sai da na rufe ido na ja numfashi, don na ji hannuna yana neman kofin shayin nan.

"Dogo, allo ɗaya ka rataya a bakin ƙofa. Kowa ya shigo ya goge sunan na gabansa ya rubuta nasa. Idan wani ya shigo, kafin ya gama abin da ya kawo shi wani ya biyo bayansa, sunan wa model zai gani?"

"Ai na gwada! Ya yi aiki lafiya lau!"

"A ina ka gwada?"

"A kwamfutata."

"Kai da wa?"

Ya kau da kai.

"Na ce kai da wa?"

"Ni kaɗai."

"Kai kaɗai! To ai dole ya yi aiki, wa zai goge maka suna, aljani? Yanzu saba, babbar kwamfutar da manhajar ke kai, tana karɓar mutane da yawa a lokaci guda. Makon shigar da maki duk malaman makarantar suna ciki, kowa na danne-danne!"

"Duk da haka sai an yi mugun dace. Abu ne na ƙiftawar ido."

"Wace ƙiftawar ido? Ba kai ka sa model ya sake lissafa matsayin 'yan aji kaf kafin ya rubuta suna ba? Mutum ya danna ya zauna yana kallon abu na juyawa, har ya yi hamma. Ɗauko wayarka."

"Me za mu yi?"

"Ɗauko na ce!"

Muka shiga sabar gwaji, ni da asusuna, shi da nasa. Na buɗe makin wani ɗalibin ƙarya na canza shi.

"Idan na ce danna, ka buɗe ko wane shafi ne. Kar ka gyara komai, buɗewa kawai."

Na danna adanawa.

"Danna!"

Ya danna. Abin ya juya, ya juya, ya tsaya. Na juyo masa da fuskar wayata.

An gyara maki. Wanda ya gyara: Dogo.

Ya ƙura wa wayar ido, bakinsa a buɗe.

"Amma ni ban taɓa komai ba."

"Haka ita ma take cewa tun makon jiya."

"Inna lillahi," ya faɗa a hankali. Ya ture kofin shayin gefe.

Ƙofar ciki ta buɗe, Oga ya fito yana goge tabarau da bakin rigarsa. Shi ne mai kamfanin, kuma mutum ne da ko gobara ta tashi sai ya fara tambaya wa ya gani.

"Wannan hayaniyar fa? Kasuwa ce nan?"

Na miƙa masa wayar, na zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, abin da ya sa na fara tunanin yau dai Oga zai ba ni mamaki.

"Wa ya sani bayan mu uku?"

Ka ji ko? Ban ce ba?

"Babu. Amma yanzu zan je in faɗa wa kwamiti."

"Ba za ki je ba."

"Na'am?"

"Dogo zai gyara yau, mu ɗora gyaran shiru. Daga yau sunaye za su riƙa fita daidai. Shi ke nan."

"Yayata fa?"

"Ta ba su haƙuri. Ta ce kuskure ne hannunta ya zame. Mata nawa suke yin haka? Gargaɗi za su yi mata."

"Oga, korar ta za su yi. Kuma su rubuta cewa ta sayar da maki. Wace makaranta ce za ta sake ɗaukarta?"

"Ke kuma idan kika je kika ce manhajarmu tana liƙa wa mutane sunan da ba nasu ba, wace makaranta ce za ta ci gaba da aiki da mu? Kin san yadda shugabannin nan suke da waya a hannu. Kafin yamma duk sun ji."

"To ai gaskiya za su ji."

"Gaskiya!" Ya maida tabarau. "Ke yarinya ce har yanzu. Ni na ɗauke ki aiki lokacin da ko gaisuwar kirki ba ki iya rubutawa a kod ba."

"Na gode, Allah ya saka. Amma ita ta goya ni."

Ya dube ni, na dube shi. Dogo kuwa ya sunkuyar da kai yana karanta madannan kwamfuta kamar yau ya fara ganinsu.

"Dogo, rufe mata hanyar shiga rumbun bayanai. Yanzu."

"Oga..."

"Yanzu na ce."

Ina tsaye ina kallo ya rufe. Raina ya ɓaci. Na ɗauki jakata na fita, na bar musu ƙofar a buɗe.

Ina tsakiyar matakala na ji ana sauka a guje a bayana.

"Auta! Tsaya mana!"

"Idan haƙuri ka zo ba ni, riƙe abinka."

"Ba shi ba ne. Saurara." Yana haki, yana waiwayen sama. "Duk wanda ya gyara maki, ana tura masa saƙo a waya cewa an adana gyaransa. Kin tuna?"

"Sai me?"

"Wannan saƙon ba model ne yake tura shi ba. Fiyu ne. Kuma fiyu ba ya leƙa allon nan nawa, da rikwes ɗin gaske yake aiki, wanda ke hannunsa."

Na tsaya cak.

"Kana nufin sunan ya tafi wajen Yaya, saƙon kuma ya tafi wajen mai laifin?"

"Haka."

"Lambar wa ce?"

"Ba na iya gani ba tare da Oga ya sani ba. A shafin taimako da muke duba koken makarantu kuma taurari ne suka rufe lambar, makarantar ce ta ce a ɓoye. Amma akwai maɓallin sake tura saƙo a jikin kowane gyara. Wannan shafin ban rufe miki ba, rumbu kawai ya ce."

Na kalle shi daga sama har ƙasa.

"Ashe akwai ƙwaƙwalwa a can saman."

"Kar ki ce ni na faɗa miki."

"Koma ka gyara ɓarnarka. Kuma ka bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya ka miƙa suna da hannu, ko guda ɗari ne. Malalaci kawai."

*

A barandar ofishin Shugaba na same su. Yaya na zaune a kan benci ta haɗa hannuwa a cinya, idanunta sun kumbura. Mijinta na tsaye a kanta. Shi ma a makarantar yake, shi ne jami'in jarrabawa, mutum mai sanyin murya wanda duk danginmu suke buga misali da shi.

"Ga 'yar rigimarki nan ta iso," ya ce yana murmushi. "Auta, zo ki taya ni yi mata magana. Na ce ta shiga ta ce kuskure ne, a wuce wurin. Jayayya da kwamiti ba ta da amfani."

"Malam, ba ta yi ba. Me za ta amsa?"

"Na sani, na sani. Amma wani lokacin mutum yakan sunkuya don abu ya wuce."

"Yau dai ba mai sunkuyawa."

Yaya ta kama gefen mayafina.

"Auta, don Allah kar ki je ki yi musu tsiwa. Na san bakinki."

"Bakina ne zai fitar da ke yau. Tashi."

Aka kira mu. Shugaba na zaune a bayan tebur, dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, malamai biyu na kwamiti a gefenta. Ta yarda Malam ya shigo a matsayin miji, ya zauna a kujerar kusa da ƙofa. Ni kuwa sai da ta ƙare min kallo.

"Ke wace ce?"

"Ƙanwarta ce, ranki ya daɗe. Kuma ina aiki a kamfanin da ya gina muku manhajar."

"Kamfanin ne ya aiko ki?"

"A'a. Kamfanin ma cewa ya yi kar in zo."

Ta sauke tabarau kaɗan. "To zauna."

Na yi mata bayanin allon bakin ƙofa. Ɗaya daga cikin malaman, wani mai furfura a gemu, ya yi tsaki.

"Ranki ya daɗe, ƙanwarta ce fa. Me kike so ta ce? Na'ura ba ta san son kai ba."

"Malam, ba ta san son kai ba, amma wanda ya rubuta ta ya san lalaci. Ara min wayarka."

Na shigar da shi sabar gwaji da sunansa, na shigar da Shugaba da nata. Na ce ta canza makin ɗalibin ƙarya da hannunta, shi kuma ya buɗe shafi kawai idan na ce.

"Danna!"

Abin ya juya ya tsaya. Shugaba ta kawo wayar kusa da fuskarta, ta karanta, ta ɗago ta dubi mai furfurar.

"Malam, wai kai ka gyara."

"Ni? Wallahi ban taɓa ba! Kina gani fa, shafi kawai na buɗe!"

"Na'ura ba ta san son kai ba," na ce masa.

Yaya ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Aka sake, sunansa ya sake fitowa. Dattijo ya ajiye wayar ya matsar da ita nesa da shi. Yaya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ji wani sanyi ya ratsa ni, na ce a raina shi ke nan, an gama.

Ashe da sauran aiki.

"Na gani," in ji Shugaba. "Manhajarku tana iya liƙa wa mutum abin da bai yi ba, kuma zan yi magana da mai gidanku a kan wannan. Amma 'yata, abin da kika nuna min shi ne tana iya yin ƙarya. Ba ki nuna min ta yi ƙarya a ranar ba. Makin nan bai canza kansa ba. Wani ya canza shi. Idan ba yayarki ba ce, waye?"

"Zan iya nuna miki."

Duk suka juyo gare ni.

"Duk wanda ya gyara maki, saƙo yana shiga wayarsa. Wannan ɓangaren ba ya kuskuren suna. Ba na ganin lambar, amma zan iya sa a sake tura saƙon ranar. Wayar da ya shiga, mai ita ne ya gyara."

"Auta," in ji Malam, mijin Yaya, daga bakin ƙofa, muryarsa a sanyaye kamar kullum, "ina ganin abin da kika yi ya isa haka. Kar a wahalar da Shugaba. Tunda an ga na'urar ba abin dogaro ba ce, sai a rufe maganar."

"A rufe a bar ta da tabo? Ana nuna ta a ɗakin malamai? A'a, Malam. Yau sai an wanke ta tas."

"Ki tura," in ji Shugaba. "Idan ma a ɗakin malamai ya shiga, zan sa a tattaro min wayoyin kowa. Malama, ɗora taki a nan."

Yaya ta ciro wayarta ta ɗora a tsakiyar tebur. Na buɗe shafin taimako, na nemo gyaran, na ga taurarin da suka rufe lambar. Na yi bisimilla na danna.

Duk muka zuba wa wayar Yaya ido.

Ba ta motsa ba. Fuskarta baƙi ƙirin.

Na buɗe baki zan yi hamdala, sai na ji ƙugin waya a bayana.

Daga wajen ƙofa.

Ban juya ba. Wallahi na kasa juyawa.

"Saƙonni suna shigo min da yawa," in ji Malam. Ya ɗan yi dariya. "Kun san lokacin jarrabawa."

Shugaba ba ta dube shi ba, ni ta duba.

"Sake turawa."

"Ranki ya daɗe..."

"Ke kika ce sai an wanke ta tas. Sake turawa."

Yatsana ya yi nauyi. Na danna.

Wayar ta sake ƙugi a aljihun gaban rigarsa, har haskenta ya fito ta cikin yadin.

Malamin nan mai furfura ya ce, "La haula." Ɗayan ya sunkuyar da kai. Na juya a hankali. Malam na zaune ya dafe aljihu da tafin hannu, gumi ya tsattsafo masa a goshi, murmushin nan nasa ya maƙale a fuska ya kasa tafiya. Mutumin da ya kwana bakwai yana kallon matarsa tana kuka. Mutumin da ya ce ta sunkuya! Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

"Malam, kai? Kai ne kake..."

"Zauna," in ji Shugaba. Ta miƙa hannu. "Malam, kawo wayar."

Bai motsa ba.

"Na ce kawo wayar."

Na juya wajen Yaya don in ga farin ciki, ko fushi, ko ma mene ne. Ba ni take kallo ba. Mijinta take kallo, ta daɗe tana kallonsa, hawayen ma sun tsaya. Sai ta sa hannu ta ɗauke wayarta daga kan tebur, ta mayar cikin jaka, ta ja zif a hankali.

"Ranki ya daɗe, ba sai ya kawo ba."

"Me kika ce?"

"Ni ce. Ni na ɗauki wayarsa na shiga da sunansa. Bai san komai ba."

"Yaya!" Na kama kafaɗarta na girgiza. "Yaya, kin haukace ne? Yanzu fa na fitar da ke! Aikina na ajiye a kan wannan! Dube shi, ko baki bai buɗe ya kare ki ba!"

Ta cire hannuna daga kafaɗarta ba tare da ta kalle ni ba.

Shugaba ta jawo takarda, ta cire murfin biro.

"Malama, ki yi tunani da kyau. Abin da kika maimaita yanzu shi zan rubuta, kuma ba ya gogewa."

Na dubi Malam. Kansa na ƙasa.

Yaya ta gyara mayafinta.

"Rubuta, ranki ya daɗe."